BABI NA UKU: DOKOKIN TSARON ƊALIBAI A MAKARANTUN GWAMNATI NA BIRNIN KUDU DA GWARAM, 1916 ZUWA 2025

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ilmin boko ya shigo kudancin tsohon Lardin Kano. Wannan babi kuwa zai bi diddigin dokoki da ƙa'idojin da hukuma ta shimfiɗa domin kare rai da lafiyar ɗalibi, tun daga lokacin da ya shiga harabar makaranta har zuwa lokacin da za a mayar da shi hannun iyayensa. Abin da ake nufi da tsaro a nan bai tsaya ga harin 'yan bindiga kaɗai ba. Ya haɗa da ingancin gini, da tsabtar ruwa da abinci, da rigakafin annoba, da kuma irin horon da malami yake yi wa yaro. Abin da za a nuna shi ne, dokoki sun yi ta ƙaruwa daga zamani zuwa zamani, amma alhakin aiwatar da su ya yi ta rarrabuwa, har aka kai ga mai makaranta daban, mai riƙe da kuɗi daban, mai riƙe da bindiga kuma daban.

3.1 Yankin da Ake Nazari

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne da suke kudancin Jihar Jigawa, a ƙarƙashin masarautar Dutse, kuma dukkansu suna iyaka da Jihar Bauci. Ƙidayar 2006 ta nuna Birnin Kudu tana da mutane sama da 300,000, Gwaram kuwa sama da 270,000. Yankin ya daɗe da sanin makarantar kwana. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu tana cikin tsofaffin makarantun Lardin Kano, kuma daga birni ake turo mata ɗalibai, alal misali Alhaji Aliko Ɗangote a nan ya kammala sakandare a 1978. A Gwaram akwai makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana. Ke nan a waɗannan garuruwa akwai 'ya'yan mutane masu yawa da suke kwana a hannun hukuma, nesa da gidajensu.

3.2 Zamanin Turawa da En'e

Makarantar boko ta farko ta gwamnati a Kano ita ce wadda Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai Gwamna Lugga ya fito da dokar ilmi ta 1916. Wannan doka ta ɗaura tallafin da gwamnati take ba makaranta a kan makin da sufeto ya ba ta. An raba makin kamar haka: kashi 40 cikin ɗari ga sakamakon jarrabawa, kashi 30 ga ladabi da tarbiyya da tsarin makaranta, kashi 20 ga ingancin malamai, sai kashi 10 ga gini da kayan aiki da tsabta. Gaskiya ne cewa wannan ma'auni ya fi shafar makarantun mishan masu karɓar tallafi, waɗanda ba su da yawa a ƙasar Kano. Duk da haka yana nuna yadda Turawa suka auna al'amarin tun farko: ladabin yaro ya ninka lafiyar ɗakin da yake zaune a ciki har sau uku.

A ƙasar Kano, makarantun elementare na ƙauyuka a hannun En'e suke. Ita take gina su daga baitulmali, ita take biyan malamai. Hakimi ne yake nemo yara ta hannun dagatai da masu unguwanni, kuma sananne ne cewa iyaye da yawa sukan ɓoye 'ya'yansu idan an zo ɗibar 'yan makaranta. Wannan hanya, duk da tilascin da yake cikinta, ta haifar da wani abu mai muhimmanci ga wannan nazari. Tun da yake hakimi ne ya karɓi yaro daga hannun ubansa, to shi za a tuhuma idan wani abu ya same shi. Haka kuma En'e tana da 'yan doka nata, da alƙalai, da gidan yari, da duba-gari, da malaman asibiti. Wato hukumar da ta mallaki makaranta ita ce dai ta mallaki masu tsaronta. Idan ɓarawo ya shiga makaranta ko cuta ta ɓulla, magana daga hedimasta take zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga Sarki da Di'o. Ba a nufin cewa wancan zamani ya fi adalci, domin 'yan doka sun yi ƙaurin suna wajen musguna wa talakawa da 'yan adawa, musamman 'yan jam'iyyar NEPU. Abin da ake nufi kawai shi ne an san wanda za a tambaya.

Da aka soma mulkin jihohi uku, sai Jihar Arewa ta yi dokar ilminta a 1956, sannan ta sake wata a 1962 bayan rahoton Oldman. Dokar 1962 ce ta kafa hukumomin ilmi na yankuna, waɗanda suka ɗauki nauyin makarantun firamare, gwamnatin Kaduna kuma ta riƙe ikon dubawa.

Akwai wata doka ta wannan zamani wadda ba ta ilmi ba ce, amma ta shiga aji fiye da kowace. Ita ce dokar Final Kod ta Arewa, wadda aka yi a 1959 ta fara aiki a 1960. Sashe na 55 na dokar ya nuna cewa ba laifi ba ne malamin makaranta ya hori yaron da aka damƙa masa wanda bai kai shekara 18 ba, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. Jihar Kano ta gaji wannan doka a 1967, Jigawa kuma ta gaje ta daga Kano. A kan wannan sashe bulala ta samu gindin zama a doka. Sai dai ya kamata a lura cewa malami dokar ta ambata. Ba ta ba firfet ko babban ɗalibi wannan izini ba, alhali kuwa a makarantun kwana mafi yawan dukan da ƙaramin ɗalibi yake sha daga hannun manyan ɗalibai yake fitowa, a ɗakin kwana, bayan malamai sun tafi gida.

3.3 Daga 1967 zuwa 1999

Abubuwa biyu ne suka warware tsarin da aka bayyana a sama. Na farko, a zamanin Janar Yakubu Gowon aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, aka haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Daga baya kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗin kanta. Tun daga nan hakimi ya zama uban ƙasa mai ba da shawara, ba shi da dakaren da zai tura makaranta.

Na biyu shi ne shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. An yi shirin karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka fito. Aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa ta hannun 'yan kwangila, aka horar da malamai cikin gajeren lokaci. Makarantar firamaren ƙauye da aka sani yau, wato bulo biyu ko uku a fili a bayan gari, babu katanga, babu ƙofa, hanyar shanu da ta masu zuwa gona ta ratsa tsakiyarta, a wannan lokaci ta yawaita. Manufar ilmi ta ƙasa da aka buga a 1977, aka sake dubawa a 1981, ta fi mayar da hankali ga tsarin karatu da yawan shekarun kowane mataki. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba gwamnatin tarayya ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ma'aunin da makaranta za ta cika, da ikon tura masu dubawa. To amma ta zo daidai lokacin da kuɗin mai ya faɗi, shekara guda kafin shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da biyan albashin malamai ma ya zama aiki.

A cikin wannan hali aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. Gwamnanta farar hula na farko, Alhaji Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan yankin ne, ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993. Sabuwar jihar ta ɗauki dokokin Kano ta ci gaba da aiki da su. Babban haɗarin da ya fuskanci ɗalibin kwana a waɗannan shekaru shi ne cuta. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe mutane sama da 11,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma cuta ce mai son cunkoso da zafi da ɗakin da iska ba ta ratsa shi, wato siffar ɗakin kwanan ɗalibai a watan Maris da Afrilu.

3.4 Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ilmin Bai-Ɗaya

A nan ne rarrabuwar alhaki ta shiga rubuce. Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 18 kuma ya yi maganar samar da ilmi. Amma sassan biyu suna cikin babi na biyu ne, wanda sashe na 6 ya hana kotu ta tilasta wa gwamnati cika abin da yake cikinsa. Ilmi yana cikin jerin abubuwan da tarayya da jiha suke yi wa doka tare. Jadawali na huɗu ya sa ƙaramar hukuma cikin masu kula da firamare. 'Yan sanda kuwa, sashe na 214 ya ce runduna ɗaya ce tak ga ƙasa baki ɗaya, kuma tarayya ce kaɗai take yi mata doka.

Idan aka ɗauki makarantar kwana guda a Gwaram aka auna ta da wannan tsari, za a ga ma'aikatar ilmi da ke Dutse ce ta mallake ta, ita take naɗa shugabanta. Baturen 'yan sandan da zai kai mata ɗauki yana karɓar umarni daga kwamishina, kwamishina kuma daga Sufeto Janar a Abuja. Gwamna, wanda ake yi wa laƙabi da babban jami'in tsaron jiha, yana iya sayen mota da mai ya ba 'yan sanda, amma ba shi yake ɗaukarsu aiki ko ya yanke yawan waɗanda za a ajiye a Gwaram ba. Wannan shi ya sa muhawarar kafa 'yan sandan jihohi take tasowa duk lokacin da aka sace ɗalibai.

Shirin ilmin bai-ɗaya an ƙaddamar da shi a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun tarayya domin ilmin matakin farko, da sharaɗin sai jiha ta kawo daidai abin da za a ba ta kafin ta ɗauki kuɗin gine-gine. Ta kuma wajabta wa uba ya kai ɗansa makaranta. Wanda ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, bayan haka tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Abin lura a nan shi ne, dokar ta faɗi hukuncin uban da ya hana ɗansa zuwa aji, amma ba ta faɗi hukuncin jami'in da ya bar ajin da tsagaggen bango ko rufin da iska ta ɗaye ba. Wannan giɓi ne babba, domin tilas da amana tare suke tafiya: wanda ya tilasta a kawo masa yaro, shi ya ɗauki amanarsa.

An samu ƙarin ƙa'idoji a wannan tsakani, irin su manufar kiwon lafiya a makarantu ta 2006, mai maganar ruwa da makewayi da ɗakin shan magani. A daidai lokacin ne kuma aka amince da kafa kwamitin gudanar da makaranta a kowace unguwa, wanda ya ƙunshi iyaye da mai unguwa da malamin addini da mata da wakilan ɗalibai. Jigawa tana cikin jihohi shida da shirin ESSPIN na gwamnatin Ingila ya yi aiki da su daga 2008, kuma horar da waɗannan kwamitoci yana cikin manyan ayyukansa. Idan aka duba da kyau, kwamitin wani yunƙuri ne na dawo da masu gari cikin sha'anin makaranta bayan an fitar da su a 1976, sai dai an dawo da su babu baitulmali.

3.5 Zamanin Hare-Hare

Daga 2013 ma'anar tsaron makaranta ta sake gaba ɗaya. A watan Yuli na shekarar aka kashe ɗalibai a Mamudo ta Jihar Yobe, a watan Satumba a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba, sannan ranar 25 ga Fabrairu 2014 a Kwalejin Tarayya ta Buni Yadi. Jihar Yobe kuwa maƙwabciyar Jigawa ce. A farkon watan Afrilu na 2014 'yan bindiga suka shiga garin Gwaram da dare, suka kai hari ofishin 'yan sanda da kotu da banki, suka kashe 'yan sanda bakwai. Ba makaranta suka nufa ba. Amma ƙasa da mako guda bayan haka, ranar 14 ga Afrilu, aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Duk mai 'ya a makarantar kwana ta Gwaram ya isa ya haɗa lissafin nan biyu: ofishin da shugabar makaranta za ta kira idan an shigo mata, shi kansa bai tsira ba.

Martanin farko ya zo a watan Mayu na 2014, lokacin taron tattalin arzikin duniya a Abuja, inda tsohon Firayim Ministan Ingila Gordon Brown ya jagoranci ƙaddamar da shirin makarantu masu aminci. 'Yan kasuwa suka yi alkawarin Dala miliyan 10, gwamnati ta yi alkawarin kwatankwacin haka. Shirin ya fi karkata ga Borno da Yobe da Adamawa. A 2015 Nijeriya ta amince da sanarwar Oslo a kan kare makarantu lokacin rikici, Shugaba Buhari ya rattaba mata hannu a 2019. Wannan sanarwa alkawari ne na siyasa, wanda ya fi ƙarfafa hana sojoji mayar da makaranta bariki da kuma ci gaba da karatu ko ana yaƙi.

Hare-haren ba su tsaya ba. An sace 'yan mata 110 a Dapchi a Fabrairun 2018. Daga nan masifar ta koma Arewa maso yamma da Arewa ta tsakiya a hannun 'yan fashin daji: Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, inda aka kwashe yara maza sama da 300, Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, Kuriga a Maris 2024, sai Maga da Papiri a Nuwamban 2025. Bayan Ƙanƙara, Jigawa tana cikin jihohin da suka rufe makarantunsu. Rufe makaranta shi ne makami ɗaya da yake hannun gwamna kai tsaye, ba ya bukatar izinin Abuja, shi ya sa ake saurin ɗaukarsa. Illarsa kuwa ta fi faɗa wa 'ya mace, domin yarinyar da aka sallamo daga makarantar kwana ana cikin tsoro, ba kowane uba ne yake mayar da ita ba idan an sake buɗewa.

A 2021 gwamnatin tarayya ta fito da manufar ƙasa a kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu, tare da kundin mafi ƙarancin ma'aunin makaranta mai aminci. Wannan kundi ya fi duk waɗanda suka gabace shi faɗi, domin ya haɗa rikici, da ambaliya da iska, da cin zarafin yara, da haɗurran yau da kullum, da ingancin gini. A Disamban 2022 aka ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, wanda aka ƙiyasta zai ci Naira biliyan 144.8, sannan a 2023 aka buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a hedikwatar rundunar Sibil Difens. Sai dai rahoton da UNICEF ta fitar a 2024 ya nuna kashi 37 cikin ɗari kacal na makarantun da aka duba a jihohi goma suke da hanyar gano haɗari tun kafin ya iso. Har ila yau, manufa ba doka ba ce. Majalisa ba ta zartar da ita ba, babu hukunci a cikinta, kuma uban da aka cutar da ɗansa ba zai iya kai ta gaban alƙali ya ce an karya ta ba.

3.6 Dokokin Jihar Jigawa

Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya an yi ta tun 2003, amma ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Jihohin Arewa da dama sun yi jinkiri, galibi saboda jayayya a kan shekarun aure. A Jigawa, Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin jama'a da kuma dokar kare yara, duka a 2021. Waɗannan su ne dokoki na haƙiƙa, masu hukunci, kuma suna iya kama malami ko ma'aikaci ko babban ɗalibin da ya ci zarafin yaro. Amma mai laifi suke kamawa bayan ɓarna ta auku. Ba su ne suke faɗin tsawon katanga, ko yawan ɗaliban da za a zuba a ɗakin kwana guda, ko wanda zai biya kuɗin gyaran rijiyar burtsatse ba.

Haɗarin da ya fi kusa da ɗalibin Birnin Kudu da Gwaram kuwa har yanzu irin na dā ne. Ambaliyar 2022 ta raba dubban mutanen Jigawa da gidajensu, kuma makarantu ne suka zama masaukinsu, karatu ya tsaya, kujeru da makewayi suka lalace. Ɓarkewar sanƙarau daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Ga babbar hanyar mota da ta ratsa Birnin Kudu, wadda yara suke tsallakawa safe da rana. Waɗannan ba su cika shiga labaran rediyo ba kamar satar ɗalibai, saboda haka kuɗin da ake warewa ya fi tafiya ga katanga da ƙofa.

Gwamnatin Malam Umar Namadi, wadda ta fara a 2023, ta raba ma'aikatar ilmi gida biyu, ta matakin farko da ta ilmi mai zurfi, ta kuma ɗauki dubban matasa aikin gadin makarantu da asibitoci da kotuna ta hannun kamfanonin tsaro masu zaman kansu. Wannan mataki ya fito da iyakar ikon jiha a fili. Kamfanonin gadi rundunar Sibil Difens ta tarayya ce take ba su lasisi, kuma dokar ƙasa ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga. Maigadin zai iya hana ɓarawon kwanon rufi da mai sayar da ƙwaya da ɗalibin da yake son tsallake katanga. Idan kuwa mahara ne suka zo a kan babura, abin da yake hannunsa shi ne tocila da usur da wayar salula, sai ya kira shugaban makaranta, shugaban makaranta ya kira baturen 'yan sanda, shi kuma ya duba ko akwai mai a motar sintiri.